Gidan Gaba a Motar Surukina

Tun da yana ta fara rufe mini ido na daina tuƙi. Na sayar da tsohuwar motata, wadda ta yi shekara da shekaru tana kai ni gonakin gwaji na Samaru da ƙauyukan kewaye, na koma mai jiran a zo a ɗauke shi. Mai ɗakina ta riga ta rasu a lokacin. Gidan ya yi mini yawa, majami'ar da muka saba zuwa tun muna da ƙuruciya kuma tana can Sabon Gari, kusa da layin dogo. Akwai majami'u a Samaru, har da wadda nake jin waƙarsu daga tsakar gidana. Amma a can aka ɗaura mana aure, a can aka yi mata sujadar jana'iza, a can ne kuma nake da waɗanda za su tsokane ni in rama.

Mijin 'yata ta fari ne ya ɗauke mini wannan nauyi. Yana da shagon walda da gyaran injuna a Chikaji, suna zaune ta wajen Basawa. Da ya sayi mota sai ya ce daga yanzu shi zai riƙa biyowa ta Samaru kowace Lahadi ya ɗauke ni. Ban roƙe shi ba, ba a kan hanyarsa nake ba, sai ya yi zagaye. Yakan danna hon a ƙofar gida, ya fito, ya rusuna ya gaishe ni, ya buɗe mini ƙofar gaba, ya tsaya riƙe da ita har in zauna. 'Yata tana baya da jakarta da kular abinci. Jikata kuwa, wadda ba ta wuce shekara huɗu ba, kafin in gama tattara rigata ta riga ta tsallako ta tsakanin kujeru ta haye cinyata.

"Tsoho, matsa," take cewa. "Wurina ne."

"Amarya, ko gaisuwa babu?"

"Sai ka sayo mini alewa."

"Da wannan bakin naki mai giɓi? Na fasa auren."

Sai ta dafa gaban mota da hannu biyu, ta kusan manna goshinta da gilashi, tana ƙirga awaki da jajayen motoci har Sabon Gari. Kowa a motar yana jin daɗin abin. Ni kaɗai ne ba na jin daɗinsa tun daga ƙofar gida.

Ranar farko na miƙa hannu ta kafaɗa na jawo bel, yadda hannuna ya saba. Motar 'yar Kwatano ce, bel ɗin ya daɗe ba a taɓa shi ba, ya fito da ƙyar, ya bar mini baƙin layi a kan farar rigata daga kafaɗa har ƙugu. Da na lalubi ramin da ake soka shi sai na tarar akwai wani abu a ciki. Wani ɗan ƙarfe ne mai sheƙi, an yanka shi daidai da bakin bel, an goge gefensa sumul. Surukina ne ya ƙera abinsa a shago, ɗaya a gefensa, ɗaya a gefena, don motar ta daina yi masa kuka. Na zare shi, na soka bel ɗin, na zauna riƙe da ƙarfen a hannu ban san inda zan ajiye shi ba.

Ya kalle ni ta gefen ido, ya yi murmushi.

"Baba, ai nan da Sabon Gari ne kawai."

"Sabo ne," na ce.

"Baba da Turanci," in ji 'yata daga baya, tana dariya. "Ko titin Kaduna ba mu hau ba. Dubi yadda ka ɓata rigarka."

Shi kuwa ranar ya yi tuƙi a hankali ƙwarai, irin na mai nuna wa mutum cewa bai kamata a yi shakkarsa ba. Na gane saƙon. Na kuma gane cewa ni na ɗaure kaina a kujera, yarinyar da ke kan cinyata ba abin da ke riƙe da ita sai hannuwana biyu.

Na yi yawo a zamanin aikina. Na yi karatu a Holan, inda wani direban tasi ya taɓa kashe mota ya naɗe hannu, ya ce ba inda za mu sai na ɗaura bel, alhali a baya nake zaune. Na yi aiki a Nijar da Mali da ɗan Faransancina, inda ba wanda ya taɓa yi mini zancen bel, domin motocin da muke shiga galibi ba su da shi. Amma inda na fi ganin halinmu a jikin wasu mutane shi ne Tailan. An tura mu can, mu kaɗan daga ƙasashen Afirka, mu ga yadda suke sarrafa irin shinkafa. Aka ajiye ni a wata tashar gwaji a arewa maso gabashin ƙasar, inda suke cin barkono fiye da mu, suke gaishe da babba da sunkuyar da kai kamar mu.

A cikin birni direba yakan ɗaura nasa saboda ɗan sanda, na baya kuwa ba ruwansu. Da an bar gari kaɗan sai ka ji ƙaras, ya kwance. A-kori-kura ce motar kowa, bayanta cike da mutane, tsofaffi da masu goyo, zaune a kan tabarma suna cin abinci ana gudu. Kowace mota tana da farin fure mai ƙamshi rataye a madubi, da ƙananan layu jere a gaban direba, da ɗige-ɗigen farin alli a rufi, waɗanda malamin addininsu ya sa ranar da aka kai masa motar ya sa mata albarka. Da farko na yi dariya a raina. Sai na tuna da ayar da na manna a gilashin tawa motar, da carbin da ke lilo a madubin maƙwabcina, dariyar ta tsaya.

Akwai wata abokiyar aiki da ke yi mini tafinta kafin bakina ya kama harshensu. Na tambaye ta me ya sa ita, mai ilimi, take ɗaura bel a tata motar amma ba ta ɗaurawa in shugabanmu ne ke tuƙi. Ta daɗe tana neman kalma a Turanci ba ta samu ba, sai ta ba ni tasu: kreng jai. Ta ce shi ne ka ƙi yin abin da zai sa wani ya ji nauyi, ko da kai za ka cutu. Mutum ya ɗauke ka a motarsa don alheri, kai kuma ka ɗaure kanka a gabansa kamar mai shirin faɗawa rami? Na ce mata ta daina wahalar fassara, muna da abin a gida, kara muke ce masa, wani lokaci kunya. Ta ƙara da cewa a wurinsu ba a ce wa mutum ya yi kuskure. Sai dai ka nuna masa inda kai ka gaza, ka bar shi ya taimake ka.

Wata rana muka ɗauko irin shinkafa daga wani ƙauye, hadari ya haɗu. Akwai ƙaramin buhu guda da ba a so ruwa ya taɓa, sai na shigo da shi gidan gaba na rungume a cinya. Ni na ɗaura bel, direban bai ɗaura ba. Ba gudu muke yi sosai ba. Wata ɓauna ta fito daga gonar shinkafa ta hau titi, direba ya taka birki. Ban ji lokacin da buhun ya bar ni ba. Ƙara kawai na ji, gilashin gaba ya tsage kamar saƙar gizo, buhu ya fashe, iri ya cika motar har cikin takalmana. Direba ya bugi sitiyari da ƙirji, ya yi ta dariya irin tasu ta jin kunya, yana shafa layunsa yana cewa ba komai, ba komai. Ɓaunar ta wuce abinta. Da na duba ƙasa sai na ga hannuwana har yanzu a zagaye suke, yatsu a sarƙe, ba komai a tsakaninsu. A lokacin ina da ƙarfina, ina ɗaga buhun taki ni kaɗai. Wancan buhun kuwa bai kai nauyin jikata ba.

Wannan ne abin da ke hawa motar tare da ni kowace Lahadi. Daga Samaru ɗalibai suna tsallaka titi ido a kan waya. A Palladan 'yan acaɓa suna fitowa daga lungu ba ko waiwaye. A Kwangila ga tireloli, ga masu talla suna bin mota da gudu, ga akuya da ba ta san Lahadi ba. Duk inda ƙafarsa ta matsa kusa da birki sai in ƙanƙame yarinyar.

"Tsoho, kana matse ni!"

"So ne, amarya."

"Ba na so. Sake ni."

A Kwangila ne kuma surukina yake nasa shirin. Da ya hango jami'an hanya sai ya jawo bel da hannun dama ya ratsa shi a ƙirji, ya danne bakinsa da cinya, ya wuce su yana ɗaga musu hannu. Da mun wuce ya ɗaga cinyar, bel ya koma wurinsa da kansa. Ya iya abin har ba ya duba hannunsa. Na taɓa ganin wannan motsin, iri ɗaya sak, a hannun wani direba a can Tailan, sai dai shi da ɗaya hannun yake yi domin sitiyarinsu a dama yake.

Wanda bai san mu ba zai ce me ya hana ka magana, kai ne babba. Girman ne ya hana. Tsakanin mutum da mijin 'yarsa akwai hanyar da ba a bi. Ba na kiran sunansa, ba ya cin abinci a gabana, ba mu taɓa yin zancen da ya wuce gaisuwa da yanayin damina da tsadar mai ba. In na ce masa yarinya ba ta da tsaro a motarsa, na ce masa bai iya riƙon iyalinsa ba, a gaban matarsa, a cikin motar da yake yin zagaye da ita don ya ɗauke ni. Na san harsuna huɗu da ɗan wani abu, na rasa wanda zan faɗi wannan magana da shi.

Na gwada ta hanyar labari. Wata Lahadi muna wuce Palladan na ba su labarin buhun irin shinkafa, tun daga hadarin har fashewar gilashi. Na ba da shi da kyau, har da yadda hannuwana suka tsaya a zagaye.

"Ɓaunar ta mutu?" in ji 'yata.

"Ko taɓa ta ba mu yi ba."

"Direban ne bai iya ba, Baba," in ji surukina. "Ba a danne birki gaba ɗaya. Lallaɓa shi ake yi."

"Tsoho, ɓauna tana cizo?"

Suka yi dariya, aka shiga zancen ko naman ɓauna yana da daɗi. Labarin ya shiga sahun labaran Baba na ƙasashen waje, tare da na dusar ƙanƙara da na cin kwaɗo.

Na gwada ta hanyar 'yata. Ta kawo mini miya a tsakiyar mako, tana juye ta a tukunya na tsaya a bakin ƙofar kicin na ce mata yarinyar nan ta daina zama a gaba.

"Baba, in na faɗa masa cewa zai yi ka raina tuƙinsa. Tun ranar da ka cire masa ƙarfen nan yake tambayata ko wani abu ya yi maka."

"Ba zancen tuƙinsa ba ne."

"To ai haka zai ji shi. Kuma kai take bi. In ba ka cikin motar ma gaba take zama, a cinyata. Allah na tsarewa, Baba. Mu ma ai a cinyarka muka girma, kana tuƙi."

Gaskiya ta faɗa. Ita kanta na sha ɗora ta tsakanina da sitiyari tana danna hon, kafin in je Tailan. Amma abin da ya zauna mini a cikin maganarta shi ne: kai take bi. Na yi kwanaki ina juya shi. Ina ban ruwan gwaiba ina juya shi, ina sauraron rediyo ban ji abin da aka faɗa ba. In ni take bi, to ba sai na ce wa kowa komai ba. Ni ne zan tashi daga gaba.

Lahadin da ta biyo baya, surukina yana tsaye riƙe da ƙofar gaba, sai na wuce shi na buɗe ta baya da kaina na shiga. Ita ce ta gefen ƙofar gidana, ta hannun dama.

"Baba, ga wurinku."

"Yau nan nake so."

"Lafiya dai?"

"Ƙafata ce."

"Ai gaba ta fi faɗi, Baba. Sai in tura muku kujerar baya ku miƙe ta."

"Bar shi kawai. Mu tafi kada mu makara."

Mai ƙosan da ke bakin layinmu ta daina juya ƙosanta tana kallo. Na ce wa 'yata ta koma gaba kusa da mijinta. Ta dafe ƙirji.

"Ni in zauna a gaba kana baya? Allah ya kiyaye."

Ya daɗe riƙe da ƙofar kafin ya rufe ta a hankali. Jikata, wadda ta riga ta haye kujerar gaba tana jirana, ta leƙo ta ga da gaske nake, ta tsallako baya tana ƙunƙuni cewa daga nan ba a ganin awaki. Raina ya yi sanyi. Na zaunar da ita tsakanina da uwarta, na jawo bel, na lalubi ramin da zan soka shi. Babu. Na tura yatsu cikin lungun kujera, na bi shi daga wannan gefe zuwa wancan. Rigar kujera ce, ta fata mai ruwan ƙasa, wadda ya kai aka ɗinka masa a Sabon Gari da ya sayi motar. Mai ɗinkin ya rufe komai ruf, ya bi da zare mai kyau. Ina jin tudun ƙarfen a ƙarƙashin fatar, ba hanyar kai wa gare shi. Haka na sa hannu na tare ta a ƙirji har muka isa, mu uku a baya, kujerar gaba ba kowa, shi kaɗai a gaba.

A ƙofar majami'a akwai wani abokina, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, wanda tun muna samari ba ya ganina ya ƙyale. Yana tsaye da sandarsa cikin masu shiga. Ya leƙa motar, ya ga inda nake zaune, ya cire hula ya ɗaga murya.

"Ranka ya daɗe! Yallaɓai ya iso! Kai direba, tsaye kake? A buɗe wa mai mota ƙofa mana!"

Mutane suka fashe da dariya. Wata daga cikin matan zumunta ta ce ashe Baba ya yi sabon direba ba a gaya musu ba. Sai a lokacin na ga hoton da muka shigo da shi. Kujerar baya ta hannun dama a ƙasar nan ta mai mota ce, wanda ake tuƙawa. Na san haka sarai, na sha zama a gaba kusa da direban ofis ina kallon shugabanmu a can ta madubi. Hankalina yana kan yarinya, ban tuna ba. Surukina ya zagayo ya buɗe mini ƙofar, yana dariya da baki kawai. Abokan aikinsa na Chikaji biyu suna wurin, ɗaya ya sara masa kamar soja.

Ban ji wa'azin ranar ba. Da muka tashi na koma gidan gaba don kada a ƙara, yarinya ta haye cinyata, muka dawo Samaru ita kaɗai tana ƙirga awakinta.

Makon nan ban zauna wuri ɗaya ba. In shiga ɗaki, in fito, in duba gwaibar da na riga na duba. Na ɗauki waya in kira 'yata na ajiye. Ina tunanin ko hon zai yi ƙara ran Lahadi. In bai yi ba, na san inda yarinyar za ta zauna: a gaba, a cinyar uwarta, ba ma ni a wurin in ƙanƙame ta.

A tsakiyar mako da la'asar na ji an yi sallama. Surukina ne, shi kaɗai, da kayan aikinsa masu baƙin mai, ko gida bai biya ba. Bai taɓa zuwa gidana ba tare da matarsa ba. Na nuna masa kujera ya ƙi, ya tsuguna a gindin gwaiba. Muka gaisa, muka sake gaisawa. Ya tambayi ƙafata, na ce da sauƙi. Ya ɗauki wani tsinke yana zane a ƙasa.

"Baba, in wani laifi na yi, a faɗa mini. Ni ɗanku ne."

"Ba ka yi komai ba."

"Tun ranar da kuka fara shiga motar nan na ga hankalinku bai kwanta ba. Na rage gudu. Na canza taya. Na kai an duba birki. Yanzu kuma kun bar mini gaba. In tuƙina ne ba ku yarda da shi ba, sai in riƙa samo muku wanda zai kai ku."

Ban kalle shi ba, gwaibar na kalla. Maganar matar nan ta Tailan ta faɗo mini, amma ko ba ta faɗo ba, abin da zan ce gaskiya ne.

"Tuƙinka ba shi da laifi. Na shiga motocin mutane a ƙasashe da yawa, na san mai hankali in na gan shi. Hannuwana ne."

Na miƙa su gabansa. Suna rawa, yadda suke yi yanzu ko kofin shayi na ɗauka.

"Buhun nan da na ba ku labari, ina da ƙarfina ya ƙwace mini. Direban bai yi laifi ba, ɓauna ya kauce wa. Kai ma wata rana yaro zai gifta maka a Kwangila, ka taka birki, ka yi daidai. Ni ne zan sake ta. Ba na so ya zama ni ne na sake ta."

Tsinken ya karye a hannunsa, ya ɗauki wani.

"Allah ne mai kiyayewa, Baba."

"Shi ne."

"Ita ce ba ta yarda ta zauna a baya."

"In ina baya za ta zauna. Sai dai ba inda za a soka bel."

"Rigar kujerun nan sabuwa ce," ya ce, kamar da kansa yake magana.

Bai ce zai yi wani abu ba, ni ma ban tambaya ba. Ya ce a huta lafiya, ya tafi. Na bi shi da ido har ya fita daga layi, ban san ko gyara na yi ko ƙara ɓatawa ba.

Ran Lahadi na shirya tun rana ba ta yi zafi ba. Na je ƙofar gida na dawo, na sake zuwa. Mai ƙosai ta ce, "Baba, yau ko sun manta da kai ne?" Ina tsaye a wurin motar ta shigo layi, ya danna hon duk da yana ganina.

Ya fito ya rusuna ya gaishe ni. Bai buɗe ƙofar gaba ba. 'Yata ce a can, ta sunkuyar da kai tana gyara ɗankwalin da ba abin da ya same shi. Ya zagaya da ni ta bayan motar zuwa ɗaya gefen, ya buɗe mini ƙofar da ke bayan kujerarsa.

"Nan ne wurinku, Baba. Wancan gefen na hajiyar mota ne."

An tsaga rigar kujerar wuri uku. An bi bakin tsagar da baƙin zare, ɗinkin mai walda, ba kyau amma ba zai warware ba. Ramukan bel sun leƙo waje da jajayen maɓallansu. A kujerar dama ya ɗora matashin kai, ya ɗaga yarinyar ya zaunar a kai don kada bel ya bi ta wuyanta, ya jawo shi ya soka da kansa.

"Yana shaƙe ni," ta ce.

"Ki zauna ki riƙe mana tsohon nan, kada ya faɗi."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kai ma ɗaura naka. Ba na son miji mai faɗuwa."

Na ɗaura. Muka hau titi.

A ƙofar majami'a abokina ya leƙo, ya ga yarinya a kujerar mai mota, ya ce ashe juyin mulki aka yi. Wannan karon surukina ya yi dariya har da buga sitiyari.

Haka muke tafiya har yanzu. Daga inda nake zaune ina ganin ƙeyarsa, ina ganin ɗan ƙarfen nan mai sheƙi a ramin kujerarsa, da ɗan'uwansa a gefen 'yata. A Kwangila yana nan yana ratsa bel a ƙirji ya danne da cinya. Wannan maganar ban samo bakin zarenta ba tukuna, kuma ba ni da wani rauni nawa da zan miƙa masa a kanta. Yarinyar kuma ta gano cewa jan maɓallin nan in an danna shi bel yana fita da ƙara mai daɗi. Saboda haka daga ƙofar gidana har layin dogo tafin hannuna yana kife a kansa, tana ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ina mayarwa.